Wata Bakwai a Ƙarƙashin Fijon Baba

"Ajiye sufanar nan ka tashi ka bar ƙofar gidanga!"

Muryar Baffa Ya'u ce, ƙanen mahaifina. Ina tsakar gida ina tankaɗe garin kunun Inna na ji ta, na yar da rariya na fito, mayafina ma a baibai.

A gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, inda tsohuwar Fijon Baba take, ƙafafun Sahabi makanike kaɗai ake gani a ƙarƙashinta. A hankali ya ja jikinsa ya fito, fuska duk baƙin mai, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baffa."

"Ni ba baffanka ba ne! Wa yab ba ka izinin huda motar yayana?"

"Hanyar bututun gas ce, Baffa. In ba a huda ba, sanyin ba zai shiga ciki ba."

Gefe guda Wakili, mai neman aurena, na jingine da sabuwar motarsa, ya naɗe hannu a ƙirji, sai ƙamshin turare yake. Shi ne ya ɗauko Baffa ya kawo shi. Ya yi 'yar dariya.

"Alhaji, ai na faɗa maka. Leƙa ka gani. Ina akwatin gaban? Ina tsohuwar fanka? Ina lagireton asali? Kayan irin wannan tsohuwar mota nemansu ake ruwa a jallo a Kaduna. Mutum ya yi wata bakwai yana aiki, a miƙa masa lada ya ce ba ya so... Ai ka san da walakin, goro a miya."

"Suna zaure cikin buhu," in ji Sahabi, murya ƙasa-ƙasa. "Ko noti ɗaya bai ɓata ba."

Ba wanda ya saurare shi. Daga cikin ɗaki na jiyo Inna tana kira, "Ya'u... Ya'u..." da muryar nan tata da ta yi nauyi tun da ciwo ya kama ta. Ita ma ba wanda ya saurare ta.

Baffa ya juyo kaina.

"Ke Zuliha! Mutane na ta magana. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, akwai wani abu tsakaninki da yaronga?"

Na kalli Sahabi.

Wallahi na kalle shi da duk abin da ke cikin zuciyata. Ka yi magana mana! Kalma ɗaya! Ka ce kana sona, ni kuwa in tsaya gaban Baffa da Wakili da duk mutanen Yelwa in ce na ji na gani!

Kansa na ƙasa. Yana jujjuya sufana a hannu.

"Da ke nike magana!"

"Babu, Baffa," na ce. "Bai taɓa ce mini komai ba."

Sai a lokacin ya ɗago. Kallon da ya yi mini, har yau ban manta shi ba. Ya tattara sufanunsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka, ya sauke bonet a hankali, ya sa gefen rigarsa ya goge shatin yatsunsa da ke kan fenti.

"A gaida Inna," ya ce.

Ya hau kekensa ya tafi, bai waiwayo ba.

* * *

Bari in koma baya kaɗan, kar ku ce Zuliha ba ta da imani.

Ni kaɗai iyayena suka haifa. Babana, Malam Ɗanbaba, direba ne. Shekara ashirin yana jigilar busasshen kifi daga Yelwa zuwa Kwantagora da Kaduna a Fijonsa 404, doguwa mai wurin kaya a baya. Da ya rasu mota ta zauna a gindin dogon yaro, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ita akurki. Bayan shekara uku ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna.

Daga nan gidanmu ya mutu.

Da farko mata suna ta zuwa dubiya. Amma maganar Inna ta yi nauyi, kafin ta haɗa kalma uku mai dubiya ta gaji, ta ce "Allah shi sawwaƙe," ta ja zanenta. A hankali ƙafa ta ɗauke. In tafi makarantar firamare in koyar, in dawo in tarar da ita yadda na bar ta, tana kallon ƙofa. Ƙawayena duk sun yi aure, wasu suna Zuru, wasu suna Jega. Shekarata ashirin da biyar, daga ni sai Inna sai rediyo.

Likita a Sakkwato ya ce a riƙa kawo ta duk bayan wata biyu. Sau ɗaya muka gwada a motar haya, mutum goma sha huɗu a cunkushe cikin zafin bazara. Kafin mu kai Jega Inna ta suma a cinyata. Tun daga ranar ta ce ita da mota sai dai a ɗauki gawarta.

Wata guda da ba mu jihar Kebbi, Sahabi ya buɗe gareji a bakin tasha. Mutumin Ngaski ne, Bakambare, daga wani ƙauye bayan Wara. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi Kaduna koyon aiki. Can ya musulunta a hannun maigidansa, can ya ƙware a aikin esi, na'urar nan mai sanyaya cikin mota. Ya dawo gida ne don ya ji sabuwar jiha za ta cika hanya da motocin ma'aikata.

Ni na je da ƙafata na tambaye shi ko motar Baba za ta tashi. Ya biyo ni, ya kori kaji, ya zagaya ta sau uku. Na ba shi labarin Inna. Ya kalle ni, ya yi saurin kau da kai.

"Za ta tashi," ya ce. "Kuma zan sa mata sanyi. Ba a yi ta da esi ba, amma zan ƙera masa wuri."

Bayan kwana uku sai ga shi da wankakkiyar riga har da hula, ya ce a yi masa iso wurin Inna. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, na zo in yi wa Baba aiki, in kin yarda."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya jira, bai ƙosa ba, har ta haɗa maganarta.

"Allah... shi yi... albarka."

Tun daga ranar, kullum in ya rufe gareji da la'asar sai ya zo. Ya sauke injin ya wanke shi da kananzir, ya kankare tsatsa, ya ɗinke kujeru, ya nemo fenti ruwan toka irin na asali ya fesa. Ni kuma in shimfiɗa tabarma a bakin zaure da littattafan yara, wai ina duba aikinsu, alhali satar kallonsa nake. Yana yi yana gaya mini sunan kowane ƙarfe kamar zan rubuta jarrabawa a kai.

"Wannan kwamfiresa ce, ita ke tura gas. Daga wata Fijo 504 da ta yi hatsari na ciro ta. Injin Baba ba shi da mazauninta, sai da na je wurin mai walda muka ƙera. Sau huɗu muna yi muna warwarewa. In ta karkace ko da faɗin farce ne, bel zai tsinke."

"To."

"Kuma dole in canja lagireto in ƙara fanka. In ba haka ba, tsohuwar nan za ta tafasa kafin Koko."

"To."

Oh ni Zuliha! Wata bakwai ina cewa to. Na san kwamfiresa, na san bel, na san lagireto, amma ban san abin da ke zuciyar mai su ba. In na sha kwalliya, lagireto yake kallo. In na yi dariya, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tuni na kamu, kamun da ba ni da maganinsa. Ƙarar kekensa kawai nake ji, sai in yar da abin da nake yi in leƙa.

Sau uku ina miƙa masa ladan aikinsa, sau uku yana ja da baya kamar na miƙa masa garwashi.

"Haba, Zuliha," ya ce a na ukun, har idonsa ya kaɗa. "Ni za ki yi wa haka?"

Na shiga ɗaki na yi kuka, ban ma san kukan me nake ba.

Wakili kuwa, ɗan abokin Baffa ne. Da aka yi jiha aka ba shi kujera a Birnin Kebbi, duk Asabar sai ya zo gida a motar ofis. Shi bakinsa bai san gajiya ba. Tauraruwata, hasken idona, zumar Yauri, a zama ɗaya sai ya raɗa mini suna goma. Baffa na sonsa ƙwarai. Tun da Wakili ya lura da inda idona yake zuwa da la'asar, ya ƙi jinin motar nan da mai gyaranta.

* * *

Bayan an kori Sahabi, la'asar ta zame mini abin tsoro.

Rana na karkatawa sai in ji kamar ƙarar keke. In leƙa, ba kowa. Mota na nan ta sha fenti tana ƙyalli, cikinta bututai suna reto ba a haɗa ba. Wata rana na buɗe na shiga, na zauna a kujerar direba na riƙe sitiyari, zufa na zuba a bayana, har aka kira magariba. Ba wanda ya neme ni.

Na bi ta tasha da gangan. Gareji a garƙame. Mai shayi ya ce ya koma ƙauyensu.

Zafi ya tsananta, ɗakin Inna kamar tanderu, sai dai in jiƙa zane in lulluɓa mata. Ranar ganin likita ta zo ta wuce. Ta rage cin abinci. Kullum sai ta kama ni da hannunta mai lafiya.

"Sa... habi..."

"Ya tafi, Inna. Sha kununki."

"Yaron nan... ya zo..."

"Na sani, Inna. Sha kafin ya huce."

Allah ya yafe mini. Ni ma na zama irin masu dubiyar nan, ba na jira ta ƙarasa.

Ran Asabar Wakili ya zo da lemo da tsire. Ya ce zai kai Inna Sakkwato a motarsa mai sanyi. Na gaya mata, ta juya fuska ga bango.

"Rabu da ita, za ta sauko," ya ce mini a zaure. "Wannan tsohuwar gwangwanin kuma a sayar wa masu tsohon ƙarfe a huta. Ke kuwa, sanyin idona, har yaushe za ki zauna kina tsufa a gida kina jiran wanda ko sunanki ba ya iya kira da kyau? Ki ba ni dama in turo."

"Ka ba ni mako guda."

Wallahi ba sonsa nake ba. Shiru ne ya ishe ni. Na gaji da gidan da in na yi tari ni kaɗai nake jin kaina.

Ran kasuwa da hantsi na ji sallama. Wata doguwar mace ce, baƙa, da tukunyar ƙarfe a ka kamar mai ɗauke da tulu. Tana saukewa na ga idon Sahabi a fuskarta.

"Ke ce Zuliha?"

"Ni ce."

"Ni Ruth, yayar Sahabi. Gas ɗin motarku ne, daga Kaduna ya sa aka kawo. Ya ce ku nemi wani ya ƙarasa. Shi jibi zai koma Kaduna, kuma ba zai dawo ba."

Na jawo tukunyar na ajiye ta a bakin zaure.

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Na ce ni zan kawo da kaina. In ga matar da ta ci golmon ƙanena, ta tsaya gaban mutane ta ce ba ta san zancen ba."

"Golmo?"

Na san golmo mana, wa bai san shi ba a ƙasar nan? Mutanen dutse, in saurayi na son yarinya, shekara bakwai zai yi yana noma gonar ubanta kafin a ba shi ita. Amma me ya haɗa golmo da mota?

"Babanki ba shi da gona, kuma ba shi da rai," in ji Ruth. "Ranar da Sahabi ya fara ganinki ya zo gida ya tambayi babanmu yadda zai yi. Baba ya ce abin da mutum ya ciyar da iyalinsa da shi, shi ne gonarsa. Ya ce je ka noma motar. A wurinmu namiji ba ya neman mace da baki, kowa ma yana da baki. Aiki yake yi, iyaye su gani. Bai je ya durƙusa gaban innarki ya ce ya zo yi wa babanki aiki ba? Ba ta sa masa albarka ba? Har akuya babanmu ya yanka, ya ce an karɓi ɗansa!"

"Wayyo Allah na..."

"Sai ki ɗauki lada ki miƙa masa! Har sau uku! A wurinmu in aka biya ɗan golmo, an ce masa ba a sonsa ke nan, ya kama gabansa. Ya ce a'a, Yaya, ba ta sani ba ne. Ya daure. Sai kuma aka tambaye ki kika ce babu."

"Bai faɗa ba! Wallahi, Yaya Ruth, bai taɓa faɗa ba!"

"Wata bakwai yana kwance cikin ƙasa a ƙofar gidanku. Da wane baki kuma kike so ya faɗa?"

Na juya na faɗa ɗakin Inna, na durƙusa gaban gadonta.

"Inna... kin sani?"

Na rantse a raina, ko za ta kai magariba tana haɗa maganar nan sai na jira.

"Tun... ranar... hwarko," ta ce. "Kakata... ɗiyar Gungawa ce. Da golmo... anka aure ta." Ta tsaya ta huta, hawaye ya gangaro ta gefen idonta. "Ina ta... son in... gaya muku. Ba ku... tsayawa."

Na kifa kaina a ƙafafunta na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni nawa rashin sanin da hannuna na jawo shi. Amsar na kwance a ɗaki ɗaya da ni, na ƙi tsayawa in ji.

* * *

Da na share fuska na nufi zaure. Buhun na nan a bayan ƙofa inda ya ce. Na kwance bakinsa. Kowane ƙarfe an wanke shi an naɗe da takarda, har ƙananan notina an zuba su a gwangwanin madara.

Na tare ɗan kabu-kabu, muka ɗora buhun a babur ɗinsa, sai rumfar Baffa a kasuwa. Na yi sa'a, Wakili na zaune a kan benci suna hira. Na zazzage buhun a gabansu.

"Ga lagireto. Ga fanka. Ga akwatin gaba. Wakili, wanne ne a ciki aka sayar a Kaduna?"

"Haba, tauraruwata, ni ma ji na yi an ce..."

"Wa ya ce? Kai ka gani, ko kai ka ƙirƙira?"

Ya duba agogo, ya ce yana da wanda zai gani a gidan mai. Daga ranar ban sake jin ƙamshin turarensa a zaurenmu ba.

Baffa ya ɗauki tsohon lagireton ya juya shi, ya shafa wani wuri da Baba ya taɓa liƙewa da dalma. Na gaya masa duk abin da Ruth ta faɗa.

"To, ba ɓarawo ba ne," ya ce. "Na zalunce shi, Allah shi yahe mini. Amma ɗiyar yayana ga ɗan dutse? Uba na bin al'ada, yaya na zuwa coci?"

"Musulmi ne, Baffa. Masallaci ɗaya kuke Juma'a."

"Ban ce komi ba tukuna. Shi zo shi ƙarasa motar saboda innarki. Wannan kaɗai na yarda."

Washegari da sassafe na bar Halima maƙwabciyarmu wurin Inna, muka shiga jirgin ruwa mai inji ni da Ruth, muka gangara Wara. Duk faɗin tafkin nan ban ga komai ba, addu'a kawai nake kar ya riga ya tafi.

A bakin ruwa muka same shi. Ya kwance injin jirgin wani masunci yana wankewa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sahabi."

Hannunsa ya tsaya. Bai juyo ba.

"An kawo gas ɗin?"

"An kawo."

"A gaya wa wanda zai zuba ya fara zuƙe iskar da ke cikin bututun. In ya zuba a kan iska ba zai yi sanyi ba."

"Ba maganar gas ta kawo ni ba!"

Masunta suka ɗago kai daga komarsu. Ban damu ba, kunyata na bar ta a Yelwa.

"Ka san sau nawa na ɗaura zanen sallah ranar da ba sallah ba saboda kai? Ka san littafi nawa na yi wa maki a juye? Ni 'yar gari ce, Sahabi! Ban iya karanta noma ba. Ni sai an faɗa mini!"

"Kin ce babu."

"Na ce ba ka taɓa ce mini komai ba. Ƙarya na yi?"

Sannan ya juyo, idonsa jajir.

"Na ɗauka kin sani. Duk notin da na ɗaura, na ɗauka kina ji."

"Yanzu na ji. Na ji duka, ka yafe mini. Amma ka faɗa, ko sau ɗaya ne. Ka yi taka al'adar, ni ma ina da tawa."

Ya goge hannu a wando. Ya sake gogewa. Mutumin da ke sauke injin mota shi kaɗai, ga shi kalma ɗaya ta yi masa nauyi.

"Zuliha... ina sonki. Tun ranar da kika zo gareji kika ce motar babanki ba ta da lafiya."

"Ƙara."

"Haba, mutane na kallo..."

"Wata bakwai na yi ina jira. Ƙara!"

"Ina sonki, Zuli. Wallahi ina sonki."

Ruth ta rangaɗa guɗa har tsuntsayen bakin ruwa suka tashi. Wani tsohon masunci ya ce, "Kai, yaro, da ka faɗa tun farko ai da ka gama mini injina."

* * *

Kwana uku ya yi yana ƙarasawa. Ya haɗa bututai, ya zuƙe iska, ya zuba gas, ya bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu yana duba ko akwai yoyo. Ya ɗaura bel, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ni ina bakin zaure, amma wannan karon in ya ɗago muka haɗa ido ba ya kau da kai.

Sai dai fa maganar aure na nan inda Baffa ya ajiye ta. In ya ce a'a, a'a ce.

Ran Laraba da azahar, rana na dukan ƙasa, Baffa ya zo ya shiga gaba ya haɗe rai. Ni da Halima muka ɗauko Inna a kujera muka zaunar da ita a baya, na zauna kusa da ita. Rabonta da ƙofar gida tun tafiyar da ta suma a motar haya. Sahabi ya bi ya rufe gilasai duka, ya ce bismillah, ya murɗa makulli.

Fijon Baba ta amsa.

Ya murɗa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari. Iska ta huro, mai zafi kamar daga bakin murhu.

"Wanga shi ne sanyin?" in ji Baffa.

"A ɗan yi haƙuri, Baffa."

Na ga zufa na bin ƙeyar Sahabi. Na damƙe hannun Inna. Sai muka ji ƙat! daga cikin bonet, injin ya ɗan sauya murya. Iskar ta fara hucewa... ta huce... sai ga sanyi, sanyi sosai, irin na ruwan randa da asuba.

Baffa ya kara tafin hannunsa. Ya cire hula ya kara kansa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Motar Yaya..."

Ya juya fuska waje, na ga yana share ido da bakin hula.

Muka hau titi a hankali, muka nufi kasuwa. Inna ta lumshe ido tana shaƙar sanyi, ni kuwa ina ta hamdala, ko gobe a tafi Sakkwato. Muna isa layin masu kifi sai na ji ƙiiii... Hannunta mai lafiya ne a kan marikin gilashi, tana murɗawa.

"Inna, a bar shi a rufe," in ji Sahabi. "Sanyin zai fita."

"Bar shi... shi hita."

Ta leƙa kai.

"Uwani! Uwani... kina... lahiya?"

Uwani mai kifi, ƙawarta ta ƙuruciya, ta saki faranti.

"La ilaha illallahu! Tamada! Ke ce? Jama'a, ku zo ku ga Tamada cikin motar Ɗanbaba!"

Kafin ka ce me, mata sun yanyame mu, dole Sahabi ya taka birki. Wannan ta kama hannun Inna, waccan ta shafa fenti, wata na kuka. Zafi da ƙaurin kifi suka cika motar.

"Wa yat tada motarga?" in ji Uwani. "Mu da munka ce ta mutu tare da mai ita!"

Inna ta ɗaga hannu ta nuna ƙeyar Sahabi. Bakinta ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Su... rukina... ne."

Ido duk ya koma kan Baffa.

Baffa ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, yana kallon gaba.

"Mi kuke kallona? Kun ji ta ai. Matar yayana ta riga ni." Ya ɗan juya wajen Sahabi. "Kai kuma, ka gaya wa mutanenka su zo ran Juma'a. Da goro za su zo, ba da fartanya ba."

Guɗa ta kaure daga wannan layi zuwa wancan. Na ja mayafi na rufe fuskata ina dariya ina kuka. Ta gefen mayafin na hango idonsa a madubi, yana kallona.

Sai ya miƙa hannu ya kashe esin da ya sha wahalar haɗawa, ya sauke nasa gilashin shi ma, ya fara amsa barka.